Hajara Mai Keke

Kwanakin baya ina zaune a ƙofar gida, wasu samari biyu masu aikin lafiya suka tsaya da babur suka nemi ruwan sha. Da hira ta yi hira, maƙwabcina ya gaya musu ai ni ma tsohon duba-gari ne. Sai ɗayansu ya yi dariya ya ce, "Baba, ku kam kun huta. Aikinku ai leƙen randa ne kawai." Na dube shi sama da ƙasa, waya a hannu, takalmi sai ƙyalli yake yi. Na ce ya sauko daga babur ɗin ya sami wuri ya zauna, tunda ya tsokano tsuliyar dodo sai ya ga abin da zai fito. Abin da na gaya musu ran nan shi zan maimaita a nan, don na lura masu irin wannan tunanin suna da yawa.

En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, ta ɗauke ni aiki ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, aka tura ni Makarfi. Aka ba ni kaki da gajeren wando, wanda mahaifina ya ce bai taɓa jin inda aka ɗauki baligi aiki don ya nuna wa duniya gwiwarsa ba. Aka ba ni hular kwano, da tocila, da ludayi mai dogon mariƙi na ɗebo ruwa daga gindin randa, da keke mai ƙararrawa. Aikin kuwa shi ne mu bi gida gida. Mu duba randa ko 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil a ciki, mu duba rariya ko ruwa ya kwanta, mu ga juji bai matso kusa da murhu ba, mu ga bakin rijiya a ɗage yake kuma a rufe. Sannan mu yi ta nanata wa mutane su rufe abinci saboda ƙuda, su wanke hannu ko da toka ce, su tace ruwan sha. A lokacin, in yaro ya ƙi barci ba a ce masa ga kura, ga duba-gari ake cewa.

Wanda ya koya mini aiki shi ne Baba Tanimu, wani dattijo siriri mai tafiyar hawainiya. Ranar da na fara bin sa na ɗauka an haɗa ni da malalaci. Tun daga bakin gari ya fara kaɗa ƙararrawa kamar mai tallan gishiri, yara suka watse da gudu suna "Ga duba-gari! Ga duba-gari!" Muka isa gidan farko, ya jingine keke, ya yi sallama, ya zauna a zaure ya miƙe ƙafa.

"Ina kwana, Maigida? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya muka ji da zafi?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Madalla. Jakin nan naka da ya yi targaɗe bara, ya miƙe?"

"Ai na sayar da shi tuni."

"Af! To, shi wanda ya saya, yana lafiya?"

Haka aka yi ta yi, daga jaki aka koma dawa, daga dawa aka koma surukai. Ni kuwa jinina na tafasa, ga sabon kaki ga ludayi, ba a bar ni na leƙa ko tulu ba. Na sulale na zagaya bayan gida, na ce bari in duba rariya kafin su gama. Na sunkuya ke nan a gindin katanga sai na ji yuuu daga sama. Matar gida ce ta juye randa guda ta kan katanga, ruwan da ya yi kore don daɗewa, da gansakukarsa da 'ya'yan sauronsa, duka a kaina. Na dawo zaure ina ɗiga. Baba Tanimu bai katse gaisuwarsa ba sai da ya ji lafiyar kakar maigida.

Da muka fita ya ce, "Musa, ka ga ruwan nan da ke jikinka? Shi muka zo nema, ga shi ya fito da ƙafarsa." Ya ce mai son kama mutum shi ke sanɗa, mu kuwa randa muke so a wanke. "Ka buga ƙararrawa tun daga nesa, ka ja gaisuwa, ka kasa kunne. Za ka ji ruwa na zuba, ka ji ana kankare tukunya, ka ji shara. Sai tsintsiya ta yi shiru sannan ka ce a yi maka iso. Matar gida ba ta ji kunya ba, maigida bai ji kunya ba, ruwa kuma sabo ne. Kai me kuma kake nema?" Duk kayan aikin da En'e ta ba ni, babu wanda na mora kamar wannan doguwar gaisuwa, ita kuwa ba a sito aka ba ni ita ba.

Akwai wata salga da ba na mantawa da ita a Saulawa, lokacin da aka mai da ni Ikara. Na yi ta fama da wani manomi ya haƙa, ya yi ta cewa in Allah ya kai mu bayan girbi. Ran nan na zo ya tare ni da fara'a, ya kai ni bayan ɗaki. Wallahi ban taɓa ganin salga mai kyanta ba, an yi mata daɓe sumul, ga murfi, ga sabon zana, har da ƙyaure. Na leƙa da tocila, na ga wayam, ko ƙuda bai san da ita ba. Na ce, "Ina iyalin ke zagayawa?" Ya nuna mini jeji da haɓa. Ya ce, "Haba, ranka ya daɗe! Abin da gwamnati za ta zo dubawa, wa zai bar yara su ɓata shi?" Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, ya ƙi fahimta. Daga ƙarshe na ce a ba ni buta. Ni na buɗe salgar nan da kaina, kuma har ya rasu yana gaya wa baƙi cewa gwamnati ce ta fara shiga.

Amma aikin da ya bar mini suna a Likoro na yi shi, bayan an tura ni Kudan. A can na haɗu da Iya Dije, wata tsohuwa mai murya kamar kakaki, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, Sule. Ita kalmar duba kawai ta ji a sunan aikina. Ranar farko ta tare ni da goro ta ce akuyarta ta ɓace, in duba mata.

Na ce, "Iya, ni ba irin wannan duban nake yi ba. Randa nake dubawa."

Ta ce, "To ai ga randa nan, ɗan nan. Kowane malami da abin da yake dubawa, wani ƙasa, wani ruwa."

Na haska tocila, na ɗebo ruwan da ludayi, na ga na kududdufi ne, ja wur, ba a tace ba. Na ce, "Iya, in ba ku riƙa tace ruwan nan da ƙyalle mai tsabta ba, kurkunu zai kwantar da wani a gidan nan, kuma da damina zai yi shi, lokacin da ake neman ƙafa a gona." Ta ce to, ta manta. Damina na zagayowa kurkunu ya fito wa Sule a idon sawu, ya kwanta yana naɗe shi a tsinke, sai gayya aka yi masa ta noma. Shi ke nan, magana ta ƙare. Iya Dije ta bi gari tana cewa ta ga mai duba na gaskiya, ya leƙa randa ya ga abin da zai faru baɗi. Na rantse mata da Allah ni ba boka ba ne, kowa ya sha ruwan nan haka zai same shi. Ta kashe mini ido ta ce, "Haka manyanku ke cewa." Sai dai daga ranar, da farin mayafinta na zuwa biki take tace ruwa.

Sannan shekarar baƙon dauro ta zo. Ku da kuke yawo da allurarsa a akwatin ƙanƙara ba ku san shi ba. Mu a lokacin allurar ba ta iso mu ba. Da bazara ya shigo, ya fara da zazzaɓi da tari da jan ido, sannan ƙuraje su feso, ya bi yara gida gida kamar wutar kara. Abin da ke hannunmu kaɗan ne. Mu ce a yi ta ba yaro ruwa da kunu, kada a yanke masa nono, a goge masa ido da ruwa mai tsabta, in numfashi ya yi nauyi a kai shi ɗakin shan magani. Babba a ciki kuwa, kada a kai yaro mai lafiya gidan da cutar take. Wannan ita ce ta fi wuya, domin a ƙasar nan in aka ce wani ba shi da lafiya, mata za su yi ayari su tafi dubiya, kowace da goyonta. Gidan da ke da mara lafiya ɗaya, kafin kasuwa ta zagayo ya raba wa unguwa.

Matar Sule sunanta Hajara. Wabi take yi, duk ɗan da ta haifa ba ya kai yaye. A lokacin tana goyon wani yaro da suka sa wa Ajuji, irin sunan da ake sa wa ɗa don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Gidan nan kaf a kan yaron nan numfashinsu yake. Sule ya tafi cin rani. Sai ga labari daga gidan iyayen Hajara, can hayin rafi, cewa baƙo ya sauka, ƙannenta duk suna kwance.

Na iso da safe na tarar Hajara ta ɗaure kaya, ta goya Ajuji. Iya Dije ta fito zaure ta ce, "Malam, ka zo a daidai. Uwarta ta aiko. In na hana ta, a ce uwar miji ta raba 'ya da iyayenta. In na bar ta, ga wannan." Ta nuna ɗan kan da ke leƙowa daga zane. "Zo ka duba mana randa."

Na san in na leƙa randar nan na girgiza kai na ce na ga abu, ko taki ɗaya Hajara ba za ta yi ba. Amma ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da mutum ba ya so ya tashi da ita gobe kiyama. Na ce, "Iya, randarki tsaf take. Abin da zan faɗa ba daga randa ya fito ba, daga gidajen da na shiga makon nan ya fito. In yaron nan ya je hayi, baƙo zai kama shi, kuma irinsu ƙanana su ya fi kayarwa."

Ta juya ta ce wa Hajara, "Kin ji ko? Yanzu ma ba ya bukatar randar." Sannan ta ce, "Kwance kayan. Ni zan je in yi jinya a madadinki. Na yi ciwon tun ina yarinya, baƙon ya san ni, ba ya sauka wa mutum sau biyu. Ba zan dawo ba sai ya tafi."

Na ɗauke ta a bayan keke, tana salati a kowane gangare, muka haye. Mahaifin Hajara, Malam Iro, malami ne mai karantarwa, bai ba ni wahala ba. Shi da kansa ya ce ai addini ma ya hana na waje shiga inda annoba ta sauka, ya hana na ciki fita. Matsalar daga cikin gida ta fito. Inna Rabi, uwar Hajara, ta ɗaga murya ta bayan katanga. Hajara 'yar farinta ce, don haka ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai ta ce waccan.

"Malam, na ji littafi ya ce kada waccan ta shigo. Littafin ya ce kada ta gaishe ni? Gida a kwance, 'yar da na haifa ko sannu? Ni dai in ban ji gaisuwarta ba, gobe zan tsallaka in ga ko ƙafarta ce ta karye."

In ta tsallaka kuwa, ƙannen da ke iya tafiya za su bi ta, aiki ya ɓaci. Iya Dije ta dube ni, ta dubi kekena. Ta ce, "Ai ga mai kawo gaisuwa nan. Kullum ta nan yake wucewa."

Haka ma'aikacin En'e, da hularsa ta kwano, ya zama ɗan aike. Kowace safiya in kaɗa ƙararrawa a ƙofar gidan Sule, Hajara ta tsaya bayan zana ta ba ni gaisuwa, in haye rafi in tsaya a bayan katangar Malam Iro, ba na shiga, in sauke. Ranar farko na so in taƙaita. Na ce, "Hajara na gaishe ku baki ɗaya." Iya Dije ta leƙo ta ce, "Wannan gaisuwar ofis ce. Haka ta ba ka? Faɗe ta yadda aka ba ka, ko ka koma ka ɗauko." Sai na tuna Baba Tanimu, na gyara murya.

"Salamu alaikum, Hajara ce ke gaisuwa. Inna, ina kwana? Inna, yaya masu jiki? Yaya Ladi, ta sha kunun? Yaya Audu, idon ya buɗe? Inna, kin ɗan runtsa kuwa? Inna, bayan naki fa?"

Inna Rabi ta amsa ta bayan katanga, tiryan-tiryan. Kafin a jima ta manta da wa take magana. Sai in ji ta ce, "Ke kuma kina cin abinci kuwa? Nonon na zuwa sosai?" Ni kuma da gashin bakina, a tsakiyar hanya, masu zuwa rafi na kallo, in ce, "Yana zuwa, Inna, alhamdu lillahi." Ran nan wani mai jaki ya kusa faɗowa don dariya. Kafin mako ya zagayo yaran Likoro sun daina cewa ga duba-gari, sai dai "Ga Hajara mai keke!" Har dagaci, mutum mai kamun kai, na gaishe shi ya ce, "Lafiya lau, Haj... Malam Musa."

Abin ya ba ni haushi da farko, amma na lura da wani abu. Wasu gidajen suka fara tare ni a hanya, wannan ta ce in kai wa yayarta sannu, waccan ta ce in kai wa kawunta. Na zama jakar gaisuwa. Ayarin dubiya ya ragu, ni kuma kullum in koma Kudan murya a dishe. A cikin kowace gaisuwa sai in cusa nawa, in ce, "Ta ce kuma a ƙara wa yaron ruwa, kada a rufe shi a ɗaki ba iska." Abin da suka ƙi ji daga bakin duba-gari, suka ji shi daga bakin 'yan'uwansu.

Ba duka aka tsira ba. Wata safiya na iso bayan katanga na fara, "Hajara ce ke gaisuwa," sai na ji gidan tsit. Malam Iro ya fito ya tsaya daga nesa ya ce Ladi, autarsu, ta cika da asuba. Na yi masa ta'aziyya, na juya keke, na san Hajara na jin wannan ba mai riƙe ta. Sai na ji muryar Inna Rabi daf da katanga.

"Malam, tsaya. Ka ce wa Hajara ta zauna inda take. Na ba da ɗaya yau, kada ta kawo mini na biyu. Ka ce mata ni na ce, Hajara ta zauna."

Matar da ba ta taɓa kama sunan 'yarta ba, ta kama shi sau biyu a numfashi ɗaya. Na haye rafi ina turin keke, ban iya hawa ba. Da na iso ƙofar gidan Sule hannuna ya ƙi zuwa kan ƙararrawa. Ashe rashin ƙarar ya riga ni isar da saƙo. Na tarar da ita a bakin zaure, ta goya Ajuji, mayafi a ka, hawaye na zuba. Ta ce, "Wane ne?" Na ce Ladi ce. Ta sa ƙafa za ta fita. Na ce, "Dakata, akwai saƙon Inna, kuma an hana ni taƙaitawa." Na faɗa mata shi kalma da kalma, yadda aka ba ni.

Ta ce, "Haka ta ce? Da sunana?"

Na ce, "Da sunanki, har sau biyu."

Ta mayar da ƙafarta ciki. Sannan ta kwance goyon, ta zauna a dokin ƙofa ta rungume shi, ta yi kukanta a nan. A duk shekarun da na yi ina aiki, ba ranar da ta yi mini nauyi kamar wannan.

Da ruwan farko ya sauka cutar ta lafa. Iya Dije ta wanke kayanta, ta yi wanka, ta ƙara 'yan kwanaki don ta tabbata, sannan ta dawo, tana gaya wa duk wanda ta gamu da shi cewa tun bara na ga komai a randa. Na gaji da musu, na bar ta da Allah. Ajuji kuwa ko atishawa bai yi ba. Aka yaye shi, ya yi ƙafa, kuma da masu allura suka iso bayan wasu shekaru, Hajara ce ta fara tsayawa a layi da ƙannensa. Sunan Hajara mai keke dai ya bi ni. Na yi aure da shi, na yi ritaya da shi, har yau in na shiga kasuwar Kudan sai na ji wani tsoho mara haƙori ya kira ni da shi.

Samarin nan masu babur suka tambaye ni ko sunan bai dame ni ba. Na ce a da ya dame ni. Amma bara, bayan girbin masara, wani dattijo mai furfura ya yi sallama a ƙofar nan. Ajuji ne, yanzu da jikokinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ja gaisuwar yadda ake yi a da, har ya tambayi lafiyar keken da ya daɗe da zama tsatsa. Sannan ya ce mahaifiyarsa ta rasu, shi ya sa ya zo da kansa, bai aiko ba. Muka yi mata addu'a, muka shafa. Ya tashi zai tafi, ya sake durƙusawa.

Ya ce, "Baba, ka riƙa kula da kanka. Yanzu kai kaɗai ne Hajarar da ta rage mini."

Na buɗe baki in yi masa faɗa, kamar yadda na saba yi wa masu kira na da sunan. Sai na ji na ce, "To, ɗan nan. Kana dai cin abinci ko?"